Kafa sabar Minecraft a gida da Raspberry Pi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu son kafa sabar gem a gida, inda su da ƙannensu ko abokansu za su riƙa shiga duniya ɗaya suna gini tare. Minecraft na ɗauka don a kansa aka fi tambaya, amma amsoshin da suka shafi wuta da zafi da intanet za su yi wa kowace irin saba.

Wai da gaske wannan 'yar na'urar za ta iya riƙe saba?

Za ta iya, muddin ba a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba. Raspberry Pi cikakkiyar kwamfuta ce a kan allo guda, tsawonta milimita 85, faɗinta 56. Wata gidauniya da ke Kambirij a Ingila ce ta fito da ita a 2012 don yara su koyi rubuta manhaja, a kan dala 35. Saba kuwa ba ta zana hoton komai. Wayarka ko kwamfutarka ce ke wannan wahalar. Aikin saba shi ne riƙe lissafin duniyar: wa ke ina, wane dutse aka fasa, ina tumaki suka nufa, ruwa ya gangara ko bai gangara ba. Don haka ba ta buƙatar allo ko katin hoto, furosesa da ram kawai take ci.

A kiyasina, mutum huɗu ko biyar masu gini da haƙa da noma za su zauna lafiya a kan Pi 4 da aka saita da kyau, Pi 5 kuma ta ɗauki fiye da haka. Wanda ke mafarkin mutum talatin da tarin ƙare-ƙare masu nauyi, wato ƙananan manhajojin da ake ɗora wa gem, ya nemi wata na'urar tun da wuri.

Wacce zan saya a cikinsu?

Pi 5 mai ram giga 8, in aljihu ya yarda. Ta fito a Oktoban 2023, furosesarta na gudu a gigahaz 2.4, kuma kowace ƙwaya cikin ƙwayoyinta huɗu ta fi ta Pi 4 sauri nesa ba kusa ba. Wannan shi ne abin dubawa, domin babban lissafin Minecraft a kan ƙwaya ɗaya yake tafiya, sauran ukun taimako kawai suke yi a gefe. Pi 4, wadda ta fito a Yunin 2019, tana yi, amma a nemi mai giga 4 ko 8. Mai giga 2 za ta tashi, sai dai kullum a takure take.

Pi 3 da Zero 2 W a bar su. Ɗaya giga 1 gare ta, ɗayar megabayit 512, Minecraft na yanzu ba zai sake a cikinsu ba. Mai giga 16 kuma asarar kuɗi ce a wannan aikin, furosesa za ta gaji tun ba a taɓa rabin ram ɗin ba.

Yaran gidanmu duk a waya suke bugawa. Za su iya shiga?

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Minecraft iri biyu ne. Akwai Java, na kwamfuta, wanda Markus Persson ya fara a Suwidin a 2009. Akwai Bedrock, na waya da Xbox da PlayStation da Switch da Windows. Ba sa jin yaren juna. Kamfanin Mojang, wanda Microsoft ya saya a 2014, yana bayar da manhajar saba ta Bedrock kyauta, amma don furosesa irin ta Intel da AMD aka gina ta, ita kuwa Pi ARM take amfani da shi. Ba za ta hau kai tsaye ba.

Mafita ita ce ka kafa sabar Java, ka ɗora mata wani ƙari mai suna Geyser. Shi ke tsayawa a tsakani yana yi wa 'yan waya tafinta. Ka haɗa masa da Floodgate, wanda ke ba mai asusun Bedrock damar shiga ba sai ya sayi Java ba. 'Yan kwamfuta su shigo ta ƙofa mai lamba 25565, 'yan waya ta 19132, duk su haɗu a duniya ɗaya.

Matsalarsa guda: waya na sabunta gem da kanta cikin dare, gari ya waye yaro ya ce saba ta ƙi shi. Ba abin da ya lalace, Geyser ne ke jiran sabuntawa. Ka sauke sabon fayil ɗinsa, ka sake tayar da saba. Masu Xbox da PlayStation kuwa na'urorinsu ba su da wurin rubuta adireshin saba yadda waya ke da shi, sai an bi ta wasu dabaru, ni kuma ban cika ba da shawarar farawa da su ba.

Me zan ɗora a kanta, kuma ta ina zan fara?

Raspberry Pi OS Lite, mai bit 64, wato tsarin Linux da ke tafiyar da Pi. Lite shi ne wanda ba shi da tagogi da hotuna, baƙin allo ne da rubutu, kuma haka ake so, don duk ram ɗin da tagogi za su ci gara a bar wa gem. Da manhajar Raspberry Pi Imager ake rubuta shi a katin memori, kuma tun a nan za ka sa sunan mai amfani da kalmar sirri, ka kunna SSH. Da SSH za ka riƙa sarrafa Pi daga laftof ko ma daga waya, ba sai ka haɗa mata allo ba.

Sai manhajar Java, wadda sabar ke gudana a kanta. Kowane juyi na Minecraft da Javar da yake nema: 1.18 ya nemi Java 17, daga 1.20.5 aka koma Java 21, kuma abin gaba yake yi. Ka duba abin da juyinka ke so kafin ka ɗora. In babu shi a rumbun manhajojin tsarinka, Eclipse Temurin, wani nau'in Java da ake saukewa daga intanet, na da na ARM. Mafi yawan masu cewa saba ta mutu tun kafin ta tashi, tsohuwar Java ce a na'urarsu.

Manhajar sabar kanta, Paper nake zaɓa a kan ta asali da Mojang ke bayarwa. Gem ɗin ɗaya ne, amma an rage masa aikin banza da yawa, kuma yana karɓar ƙare-ƙare irin su Geyser. Ka buɗe folda, ka sa fayil ɗin, ka tayar da shi:

`java -Xms2G -Xmx2G -jar paper.jar --nogui`

Karon farko zai tsaya da kansa. Kada hankalinka ya tashi. Ya ajiye maka wani fayil ne mai suna `eula.txt`, yana so ka mayar da `eula=false` zuwa `eula=true`, alamar ka amince da sharuɗɗan Mojang. Ka sake tayarwa, ka jira har ka ga kalmar `Done` a allo.

Abu na ƙarshe, ka rubuta masa hidimar systemd don ya riƙa tashi da kansa duk sanda Pi ta kunnu. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba kwalliya ba ce.

Ram nawa zan ba shi?

Kada ka ba shi duka. A `-Xms` da `-Xmx` na umarnin tayarwa ake rubuta adadin. A mai giga 4, ka ba shi 2 zuwa 2.5. A mai giga 8, tsakanin 4 da 6 ya isa. Java na cin wani ram a bayan wanda ka rubuta mata, tsarin Linux ma na da rabonsa. In ram ya ƙare ƙaf, Linux ba ya shawara da kowa, kashe manhajar da ta fi ci yake yi, wato sabarka.

Gem ɗin na tsaitsayawa. Na fasa dutse ya dawo, dabbobi na tafiya da ƙyar. Me ke jawo haka?

Duniyar Minecraft na bugawa sau 20 a daƙiƙa. Kowane bugu yana da milisakan 50 da saba za ta gama lissafin komai a ciki. In ta gama a 30, lafiya lau. In ta kai 70, duniyar ta fara ja da baya, sai ka ga ta rubuto `Can't keep up!` a allo.

Babban mai cin wannan lokaci shi ne faɗin ƙasar da saba ke riƙe wa kowane ɗan wasa. An yanka duniyar gunduwa-gunduwa, kowace tubali 16 sau 16. A fayil ɗin `server.properties` akwai `view-distance`, wanda yake zuwa a kan 10. Goma ta kowace kusurwa na nufin gunduwa 21 sau 21, wato 441 ga mutum ɗaya. In ka mayar da shi 6, ya koma 13 sau 13, wato 169. Ka ga an zubar da fiye da rabin kayan, kuma a ƙaramin allon waya da wuya wani ya lura. A wannan fayil ɗin akwai kuma `simulation-distance`, wanda ke faɗin iya nisan da dabbobi da shuke-shuke ke motsi. Ka sa shi 4 ko 5.

Na biyu shi ne ƙirƙirar sabuwar ƙasa. Tun juyin 1.18 da aka zurfafa duniyar daga -64 zuwa 320, wannan aiki ya yi nauyi sosai. Mutum uku na zaune suna gini lafiya, na huɗu ya hau doki ya nausa daji, kowa ya fara kuka. Maganinsa wani ƙari ne mai suna Chunky: ka ba shi faɗin da kake so, ka bar shi ya kwana yana ƙera ƙasar babu kowa a ciki, sannan ka sa iyaka da umarnin `worldborder` don kada a wuce inda aka ƙera. Karanto ƙasar da ke ajiye ya fi ƙirƙiro ta sauƙi ƙwarai.

Na uku kuwa halin 'yan wasan ne. Akwai wanda zai tara kaji ɗari biyu a rami ɗaya, ko ya cika gida da ƙauyawa masu ciniki. Kafin a fara zargin juna, a yi amfani da spark, wanda ke zuwa a cikin sababbin juyin Paper. Zai nuna ainihin abin da ke cin lokacin.

In kuwa allon saba bai yi ƙorafin komai ba amma mutum ɗaya ne ke tsaitsayawa, to ba laifin Pi ba ne, layinsa ne. Ita dai Pi a haɗa ta da rauta da wayar Ethernet, kada a bar ta a kan Wi-Fi.

Katin memori ya isa, ko sai na sayi SSD?

Ya isa a fara, bai isa a dogara da shi ba. Saba na rubuce-rubuce ƙanana ba dare ba rana, katin memori kuma ba don haka aka yi shi ba. Ga jabun kati da ya cika kasuwa, an rubuta giga 128 a jiki, cikinsa ko kwata bai kai ba. Ƙaramin SSD ta USB 3, wato ƙofofin nan masu shuɗin ciki, ya fi sauri ya fi ƙarko, kuma Pi 4 da Pi 5 duk suna iya tashi daga kansa. Pi 5 ma tana da mahaɗin PCIe da ake ɗora wa SSD irin NVMe da wani ƙaramin allo mai suna M.2 HAT+.

In aka ɗauke wuta fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ta furosesa muhimmanci a wajenmu, kuma ita ce jagororin Turawa ke tsallakewa. In wuta ta yanke saba na tsakiyar rubutu, abu mafi sauƙi shi ne a rasa aikin 'yan mintuna. Mafi muni, wani yanki na duniyar ya lalace, ko katin ya ƙi tashi gaba ɗaya.

Abin daɗin shi ne Pi ba ta da ci. Pi 4 na shan wajen wat 3 in tana hutawa, 6 zuwa 7 in aiki ya yi zafi. Ka ɗauka wat 6 ne dare da rana: wata guda bai kai yunit 5 a mita ba. Duk gidan da ke da inbata ko sola ba zai ma san tana nan ba. In babu, ƙaramin UPS irin na rauta zai riƙe ta, ko allon batir da ake ɗora wa Pi a ka. A tuna da rautar ita ma, don saba mai rai ba ta da amfani in rauta ta mutu.

Fawa bank na waya kuwa a gwada shi tukuna. Da yawansu suna ɗan yanke wuta na ƙiftawar ido a lokacin da aka kawo ko aka ɗauke, wayarka ba za ta ji ba, amma Pi sai ta mutu ta sake tashi. Gwajin ba wuya: ka jona Pi a jikinsa yana caji, ka zare shi daga bango, ka ga ko ta ɗauke.

Sai caja. Pi 4 na son bolt 5 da amfiya 3, Pi 5 kuma har amfiya 5 take nema in za a rataya mata SSD, shi ya sa cajarta ta asali mai wat 27 ce. Da caja mai amfiya 3, Pi 5 na rage wutar da take ba ƙofofin USB zuwa miliamfiya 600. Cajar waya ta bakin titi da siririyar waya su ne tushen rabin matsalolin da ake ɗora wa manhaja. Ka rubuta `vcgencmd get_throttled`. In ya ba ka `0x0`, ƙalau. In wata lamba ce daban, ko wuta ta gaza ko zafi ya yi yawa.

Kuma in za ka kashe da kanka, ka rubuta `stop` a allon saba, ka jira ta gama ajiya, sannan ka kashe Pi.

Zafin garinmu ba zai ƙona ta ba?

Ba za ta ƙone ba, rage gudu za ta yi. Da furosesa ta kai digiri 80 take fara ja da baya don kare kanta, a 85 ta ƙara ja sosai. Wanda ya gwada tasa a ɗaki mai digiri 20 ya ce ba ta buƙatar fanka, gaskiyarsa ya faɗa, amma ba a Sakkwato ko Maiduguri yake ba a watan Afrilu, inda inuwa ma ke haura 40. Fanka dole ce. Pi 5 na da tata mai suna Active Cooler, Pi 4 kuma a sa mata gidan alminiyam mai fanka. `vcgencmd measure_temp` zai gaya maka zafinta, kuma a duba lokacin da mutane ke ciki da rana tsaka, ba da asuba ba. Lokacin hunturu ƙura ke toshe fankar, a riƙa hure ta. Kada a kulle ta a durowa, kada a ɗora ta a kan inbata.

Abokina na wani gari. Na buɗe ƙofa 25565 a rauta amma ya kasa shiga. Me na yi ba daidai ba?

Wataƙila ba ka yi komai ba daidai ba. Buɗe ƙofa na aiki ne in kamfanin intanet ya ba gidanka adireshin IP na kansa da duniya ke gani. Layukan waya da MiFi da rautoci masu sim galibi ba sa bayarwa. Adireshi ɗaya suke raba wa ɗimbin mutane, tsarin da ake kira CGNAT. Starlink ma haka yake a tsarinsa na gida. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da ƙofar waje ɗaya: kai kana iya fita ka dawo, amma baƙon da ya zo da adireshin gidan kawai, mai gadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, kuma buɗe ƙofar ɗakinka ba zai canja komai ba.

Ga yadda za ka gane. Ka shiga shafin rautarka ka duba adireshin WAN, sannan ka tambayi Google adireshin IP ɗinka. In sun bambanta, ko na rautar ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, kana bayan CGNAT.

Hanyar da na fi so ita ce Tailscale, ko ɗan'uwansa ZeroTier. Kowa ya ɗora manhajar a na'urarsa, har da waya, sai ku zama kamar kuna kan rauta ɗaya, kuma wanda ba a gayyata ba ko ganin sabar ba zai yi ba. Tsarin kyauta ya ishi 'yan abokai. Hanya ta biyu ita ce playit.gg, wanda ke ba ka adireshin da kowa zai iya rubutawa ba sai ya ɗora komai ba. Sai dai duk saƙonku ta na'urorinsu zai bi, in kuma wadda ta fi kusa da ku a Turai take, to saƙon ɗan Kano zuwa ɗan Kaduna sai ya je can ya dawo, za a ji jinkirin.

Wanda ya yi sa'a yana da adireshi na kansa, ya buɗe 25565 a TCP da 19132 a UDP, ya yi rajistar suna a DuckDNS don adireshin na canjawa.

Zai cinye min data?

In duk kuna gida ɗaya a kan rauta ɗaya, wasan ba ya fita waje. Intanet kaɗan ake buƙata lokacin shiga, don a tantance asusun mutum. In daga waje ake shigowa, ƙarfin turawar layinka ne abin dubawa, ba na saukewa ba, kuma rage `view-distance` na rage cin data shi ma.

An ce in sa online-mode=false don waɗanda ba su sayi gem ba su shiga.

Ban ba ka shawara ba. Ban da batun haƙƙin masu gem, wannan saitin na nufin saba ta daina tambayar kowa shaida. Duk wanda ya rubuta sunanka ya zama kai, da duk ikon da kake da shi. Akwai kuma masu manhajojin da ke zagaye intanet suna ƙwanƙwasa ƙofa 25565 a ko'ina, in suka samu a buɗe su shiga su rushe ginin watanni don nishaɗi kawai. Ka bar shi a `true`, ka kunna `white-list`, ka sa sunayen mutanenka ɗaya bayan ɗaya. Ikon `op` kuma, wato na shugabancin saba, kada ya wuce mutum ɗaya ko biyu.

A riƙa sabunta Paper da tsarin Pi. A Disambar 2021 an gano ɓarakar Log4j, wata manhaja da ke cikin sabar, wadda saƙo ɗaya a akwatin hira ya isa a karɓe sabar da ba a gyara ba. Tsofaffin fayilolin saba da ake turawa a guruf-guruf, ba a san wanda ya taɓa su ba, a guje su.

Yaya zan adana duniyar kada ta ɓace?

A Paper za ka ga foldar `world`, a yawancin juyi kuma da `world_nether` da `world_the_end` a gefenta. Mafi sauƙi shi ne ka kwafe foldar sabar gaba ɗaya. In saba na aiki, ka rubuta `save-off`, sai `save-all`, ka kwafa, sannan `save-on`. Ka sa cron, mai tayar da aiki a kan lokaci a Linux, ya riƙa yi kullum da dare. Kwafin kuma ya bar jikin Pi, ya koma filasha ko laftof, don kwafin da ke kan katin da ya mutu ya mutu tare da shi. Lokaci-lokaci ka ɗauko ɗaya ka tayar da shi ka ga yana buɗewa.

Ba mu da kuɗin sayen Minecraft ga kowa. Akwai wani?

Akwai Luanti, wanda aka sani da Minetest kafin a canja masa suna a Oktoban 2024. Kyauta ne, yana kan Android da kwamfuta, kuma da C++ aka rubuta shi, don haka sabarsa ba ta da nauyin Java, har Pi 3 na iya ɗaukar 'yan mutane. Ƙofarsa 30000 ce a UDP. In aka ɗora masa VoxeLibre ko Mineclonia, wasan na kama da Minecraft sosai. Ba ya neman asusun kowane kamfani, saboda haka makaranta ko gidan da babu intanet sam za su iya bugawa da rauta kawai. Ga ɗakin kwamfuta na makaranta, shi zan zaɓa kafin Minecraft.

Sabobin wasu gem ɗin irin su OpenTTD da Mindustry ma suna zama a Pi. Valheim kuwa sabarsa ta Intel da AMD ce, sai an bi ta Box64 mai yi wa ARM tafinta, wahalar ta fi ribar.

Ba gara in sayi tsohuwar kwamfuta ba?

Sau da yawa gara hakan. In ka haɗa kuɗin Pi 5 da caja da fanka da gida da SSD, ga kuɗin kawo ta, za ka iya tarar da ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu, irin su ThinkCentre Tiny ko OptiPlex Micro, a kusan wannan farashin. Ta zo da gidanta da faifanta, ana ƙara mata ram, kuma sabar Bedrock ta asali na hawa kanta kai tsaye. Tsohon laftof mai fasasshen allo ma saba ce mai kyau, in batirinsa na da sauran rai ya zo da UPS ɗinsa.

Inda Pi ta yi musu fintinkau shi ne ƙarancin cin wuta. In batir ɗaya ne ke riƙe gidan da dare, ana lissafin fanka da fitila da cajin waya, na'urar da ke shan wat 6 za a bari a kunne, mai shan 30 kuwa ita za a fara kashewa. Mai wadatacciyar wuta ya sayi ta hannun. Mai lallaɓa batir ya sayi Pi 5 mai giga 8, da cajarta ta asali da fankarta.